Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Nan Mai Kujera Biyu

 Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga hotunan motocin nan uku da ka turo: Porsche Boxster, da BMW Z4, da wata Mercedes SL mai ruwan azurfa. Ka ce in zaɓa maka. Na ji daɗi da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka, domin yawancin samari sai mota ta sauka daga jirgin ruwa suke neman shawara, a lokacin kuwa babu abin da ya rage wa babba sai ya ce Allah ya tsare.

Ba zan ce kada ka saya ba. Guminka ne, kuma babu laifi mutum ya so abu mai kyau. Malamai sun sha gaya mana cewa ba kyan sutura ko na abin hawa ne girman kai ba, raina mutane ne. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, a irin wannan mota kuɗin saye shi ne mai sauƙin. Riƙon shi ne maganar. Ka san dokin hawan salla. A shekara kwanaki ƙalilan yake fita, amma kullum sai an zuba masa dawa da harawa da kanwa, sai an wanke shi, sai an sallami yaron barga. Ba ya kai kaya kasuwa, ba ya ɗebo ruwa. Wanda ya san haka kafin ya saya, shi yake jin daɗinsa. Wanda ya saya da zaton zai yi masa hidimar gida, kafin shekara ta zagayo ya fara neman mai saye.

Ka fara da kujerun. Biyu ne, babu ta uku, ko da ta yaro. Zauna ka duba mako guda na rayuwarka. An idar da sallar Juma'a, dattijon layinku yana tsaye da jikansa yana jiran wanda zai rage musu hanya. Mahaifiyarka ta zo Abuja ganin likita, ka kuwa san ba ta tafiya sai da ƙanwarka. Ko ita kaɗai ce ma, motar a ƙasa take ƙwarai, mai ciwon gwiwa in ta shiga, fitowa sai an kama ta. Ga maiɗakinka da goyo. Kujerar gaba, inda jakar iska take, ba wurin rungume jariri ba ce. A Jamus da Amurka, inda aka fi sayen motocin nan, mutum yakan fita shi kaɗai ko shi da matarsa, kuma galibi yana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum. Mu kuwa motar mutum ɗaya ta dangi ce gaba ɗaya. Saboda haka sharaɗina na farko ke nan: wannan ta zama mota ta biyu. Kada ka sayar da Camry ɗinka don ka cike kuɗin. In sai an sayar da ita sannan kuɗin za su kai, to lokaci bai yi ba tukuna.

Sai rufi, wanda dominsa kake son motar, kuma a nan zan ɗan daɗe. Rufin mota ba inuwa kaɗai yake bayarwa ba, yana daga cikin abin da ke riƙe gangar jikinta. In an cire shi, dole maƙera su ƙara ƙarfe a ƙasa da gefuna da ginshiƙan gilashin gaba, in ba haka ba jikin zai riƙa murɗewa duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami. Motocin da tun a zane aka yi su babu rufi, irin Boxster da Z4, sun fi waɗanda aka yanke wa kai daga baya tsayuwa. Kana iya gwadawa da kanka. Ka buɗe rufin, ka bi hanya mai gargada a hankali, ka sa ido a madubin tsakiya da sitiyari. In suna rawa fiye da ƙima, jikin ya saki, ko kuma an taɓa buga motar.

Na san samari sun fi son rufin ƙarfe mai naɗe kansa ya shige but, domin yana da kyan kallo. Mercedes ce ta yaɗa shi da SLK a 1996, ta sa wa SL a 2001, BMW ta bi sahu a Z4 ta 2009. Amma ka duba abin da ya biyo baya. BMW ta koma rufin yadi a Z4 ɗin da ta fitar a 2018, Mercedes ma ta koma masa a sabuwar SL ta 2021. Ba kwanciyar kai ce ta sa su komawa ba. Rufin ƙarfe nauyi gare shi, yana cinye wurin kaya, kuma aikinsa ya rataya a kan famfo da bututun mai da tarin ƙananan na'urori, kowace tana gaya wa kwamfutar motar cewa sashen da take gadi ya kulle. Ɗaya daga cikinsu ta ƙi magana, sai rufi ya tsaya a rabin hanya, bai rufe ba bai buɗe ba, ga hadari ya haɗo. Wannan a ƙasar da babu ƙura ke nan. Ka ƙara masa ƙurar hunturu da ke shiga kowace gaɓa, da ranar bazara da ke busar da roba har ta tsage.

Rufin yadi ma da nasa. Rana tana kashe masa launi, wuƙar ɓata-gari tana ratsa shi cikin daƙiƙa, kuma ba ya son kwana a waje. In gidan da kake haya babu rumfar mota, ka fara da ita. Akwai kuma wani abu da masu sayarwa ba sa ambata: ruwan da ya sauka a kan rufin yana bin wasu 'yan magudanai ne a bayan kujeru ya zube ƙasa. Ƙura da ganye suna toshe su, ruwa ya rasa hanya ya gangaro cikin motar, ƙarƙashin kujera. A tsofaffin Boxster, akwatin lantarkin da ke gane makulli a nan ƙarƙashin kujera yake, in ya sha ruwa mota ba za ta tashi ba. Share magudanan nan kafin damina aikin 'yan mintoci ne, amma sai wanda ya san suna nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, robobin da ke tsakanin rufi da gilashi kuwa abin sauyawa ne duk bayan 'yan shekaru, ka sa su a lissafi.

Ka kuma tambayi kanka yaushe za ka buɗe shi. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, Abuja ma ba ta da nisa da haka, mutum ba ya zama da tsakar kansa a rana. Da hunturu ƙura ce. A goslo hayaƙin tirela ne a fuskarka, da hannun mai fizgen waya a kusa da cinyarka. Abin da ya rage shi ne sanyin safiya bayan asuba, da yammacin damina bayan ruwa ya ɗauke, da hanyar Jos in ka fara hawa tudu. Ba zan ɓoye maka ba, waɗannan lokutan suna da daɗin da mai motar rufe bai san shi ba: ƙanshin ƙasa, da iska, da sautin injin a kunnenka. Ina dai so ka san cewa domin su kaɗai kake biyan duk wannan kuɗi.

Daga sama mu sauko ƙasa. Tsakanin cikin irin motocin nan da kwalta bai cika wuce santimita 10 zuwa 14 ba, Hilux kuwa ta haura 20. Kafin ka biya, ka duba gangaren ƙofar gidanka, da tudun rage gudun da 'yan unguwa suka gina da siminti ba tare da awo ba, da kwalbatin da ke bakin ofishinku. Boxster lagiretonta a kusurwoyin bambar gaba suke, a ƙasa, inda dutse da leda suke fara samu. In ruwa ya cika titi kuwa, kada ka bi bayan jif ka ce za ka ratsa. Injin da ya zuƙi ruwa ta hanyar shan iska ba gyara yake nema ba, sauyi yake nema.

Tayoyinsu sirara ne a gefe, babu naman da zai shanye duka, rami ɗaya mai kaifi yana iya fasa taya ya tsaga rim tare. Na baya sukan fi na gaba faɗi, don haka ba a musanya su, kuma yawancinsu ba sa zuwa da safaya. Mai facin bakin hanya da ƙarfensa zai ɓata maka rim, sai mai injin cire taya. Ina roƙonka, kada ka sa wa wannan mota taya 'yar gwanjo. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka, Paul Walker, ya rasu a watan Nuwamba na 2013 a jihar Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT, abokinsa ke tuƙi. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, sun kuma gano cewa tayoyin motar sun kai shekara tara. Mota ce da ba a cika fita da ita ba, a ido tayoyin lafiyarsu lau.

Ka buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta a ciki. Motocin Turai irin waɗannan suna neman fetur mai lamba 95 ko 98. In daga Amurka motar ta zo za ka ga 91 ko 93, awonsu ne ya bambanta, man ɗaya ne. Injin yana iya lallaɓawa da man da bai kai ba, kwamfutarsa za ta rage masa ƙarfi don ta kare shi, amma ga zafi ga taka wuta, lallaɓawar tana da iyaka. Ka nemi gidan mai guda da ka amince da shi ka tsaya a kansa, ka rabu da 'yan bumburutu. Ba ka manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka yi ta mutuwa a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, injin mai silinda takwas ya zama abin da ake tunani kafin a tayar. Baƙin mai ma sai ainihin wanda kamfani ya rubuta, daga wurin da ba a cika galan a bayan shago.

To, ga motocinka uku.

Mercedes ɗin ita ce mafi araha a cikinsu, ita ce kuma na fi tsoro. Daga fitilunta, ƙirar da aka yi daga 2001 zuwa 2011 ce. Mota ce ta alfarma, tana da nauyi, ta kusa tan biyu, an yi ta don doguwar tafiya cikin natsuwa. Amma ta tara abubuwa uku masu cin kuɗi a jiki ɗaya: rufin ƙarfe mai aiki da mai, da birki mai aiki da lantarki, sannan a manyan cikinsu irin SL 500 ƙafafun ma da matsin mai suke tsaye, abin da kamfanin ke kira ABC. In bututu ɗaya ya fashe, ka wayi gari motar ta durƙusa a kusurwa guda. Kuɗinta ya faɗi ne domin masu ita na farko sun san abin da ke tafe, amma kuɗin kayan gyaranta bai faɗi ba, yana nan a matsayin na motar masu hannu da shuni. Araha ba ta ado. Ka bar ta.

Boxster ita ce gwanar tuƙi, wannan babu gardama. Tun da Porsche ta fito da ita a 1996 injinta a tsakiya yake, bayan kujeru, shi ya sa take shan kwana ba ta karkata, kuma shi ya ba ta but biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Sai dai injin a ɓoye yake, ba a ɗaga bonet a gan shi, bakanike ta ƙasa ko ta bayan kujera yake kai hannu. Waɗanda aka ƙera kafin 2009 suna da wani boris a cikin injin da ake kira IMS, wanda in ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya. Daga 2009 aka sake injin aka rabu da shi. In zuciyarka a kanta take, kada ka sauka ƙasa da wannan shekarar. Kuma kafin ka nemi motar, ka nemi mai gyaranta. Ka je garejinsa da ƙafarka, ka ga ko akwai irinta a ajiye, ka ga ko yana da kwamfutar da ke karanta ta. Kayanta da wuya ka tsince su a Apo ko Ƙofar Ruwa ko Panteka, sai an yi oda, da kuɗin dala, mota tana zaune tana jira.

Da ni ne, Z4 ɗin zan ɗauka, ƙirar 2018 zuwa sama. Ba don ta fi Porsche daɗin tuƙi ba, ba ta fi ta ba. Dalilina shi ne injinta ɗan dangi ne. Irinsa ne a cikin BMW 3 Series da X5 da ke yawo a titunan Abuja, bakaniken da ya saba da waɗancan ba zai tsaya yana kallonta ba. A birnin Graz na ƙasar Ostiriya aka haɗa ta, a masana'anta ɗaya da Toyota Supra, kuma a ƙarƙashin fenti kusan abu ɗaya ne, wato Toyota ma ta yarda ta sa sunanta a kan wannan inji. Rufinta yadi ne, yana buɗewa cikin daƙiƙa 10. Mai silinda huɗu ta ishe ka, wadda ake kira 30i tana da ƙarfin doki sama da 250, a mota mai ɗaukar mutum biyu. Mai silinda shida ƙarin mai ne da ƙarin jaraba.

Akwai ta huɗu da ba ka turo ba, na san kuma dalili, ba ta da sunan da ake juyowa a kalla. Mazda MX-5 ce, Amurkawa suna ce mata Miata. Tun 1989 ake yin ta, a 2016 aka cika guda miliyan ɗaya, babu wata mai buɗaɗɗen rufi mai kujera biyu da aka saya kamarta a duniya. Nauyinta kusan tan ɗaya ne, rufinta da hannu ɗaya ake turawa baya, babu famfon da zai lalace. In iskar da tuƙin kake so, ita ta fi kowace sauƙin riƙo. In kuwa ka ji ranka bai kwanta da ita ba don kawai tambarin da ke goshinta, to ka tsaya ka tambayi kanka don wa kake sayen motar.

Wajen saye, ka buɗe ido. Kada ka ɗauko mai sitiyari a dama daga Ingila ko Japan don an yi maka rangwame. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da irinsu ba, juya sitiyari kuwa a motar da lantarki ya ratsa ko'ina neman fitina ne. Da yawa daga cikin Beljiyam ɗin da ake kawowa daga Amurka a kasuwar gwanjon motocin haɗari ake sayo su, a gyara a fesa fenti. Mafi muni su ne waɗanda ambaliya ta shanye, irin na guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022. Jikinsu sumul, wayoyinsu suna ruɓewa a hankali. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Da ita za ka sayi rahoton tarihinta a Carfax, sau da yawa ma in ka sa ta a intanet hotunan ranar gwanjon za su fito. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa. Ka je da sassafe ka tayar da ita tun injin yana sanyi. Ka buɗe rufin ka rufe, ka sake, ka sake, sannan ka zauna a ciki a sakar mata ruwa da tiyo. Bakanikenka za ka tafi da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa yake nema. Takardun kwastan a tantance su kafin kuɗi su fita. Ka yi mata cikakkiyar inshora, in kana da shakka a kan ta gargajiya akwai kamfanonin takaful. Ka kuma ware kuɗin gyara a gefe tun ranar farko. Bashi mai ruwa don abin marmari kuwa, kada ma ka kawo min maganarsa.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda dominsa na zauna na rubuta duk wannan. Motocin nan suna iya kai kilomita 250 a awa. Doka ta tsayar da ƙaramar mota a 100 a babbar hanya, hanyoyinmu kuwa akwai shanu masu tsallakawa, da tirelar da ta mutu babu fitila, da ɗan acaɓa mai tahowa ta hannunka. Tayoyin baya ne ke tura ta, in ka taka wuta a kwana bayan ruwan farko, lokacin da kwalta ke santsi da man da ya taru tun rani, bayanta zai zagayo gaba kafin ka ankara. Akwai maɓallin da ke kashe na'urar hana sulɓi, abokai za su ce ka danna, kada ka danna. Gaskiya ne maƙera sun yi ƙoƙari, tun 1989 Mercedes ta sa wa SL ƙarfen da ke tasowa bayan kujeru cikin ƙasa da rabin daƙiƙa in mota za ta kife, sauran ma kowace da irin nata. Amma wannan ƙarfe wanda ya ɗaura bel yake karewa. Wanda bai ɗaura ba, babu rufin da zai tare shi. Kada in ji an gan ka a wasan motar da samari ke yi a bikin aure, mun binne 'ya'yan mutane da yawa a dalilinsa. Makullin kuma ba na aro ba ne, ko ga ƙaninka.

Ka kuma san inda za ka shiga da ita. Mutane suna cikin matsi, akwai maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba. Ba a zuwa gidan ta'aziyya da ita, ba a shiga ƙauyenmu da ita ranar da ake rabon hatsi. Hanyar Kaduna da ta Birnin Gwari ba wurin nuna abin hannu ba ne, hoton motar da lambarta a Instagram ma haka. Sannan ka duba bayanka kafin ka duba gabanka. Mahaifiyarka ba ta sauke farali ba tukuna, ƙannenka biyu suna makaranta, kai kanka a gidan haya kake. Ba na cewa sai ka gama da kowa sannan ka ji daɗin abinka, hidimar dangi ba ta ƙarewa. Amma kujerar Makka ta mahaifiyarka ta riga wannan mota, a nan ba ni da sassauci.

In ka duba duk wannan ka ga da sauran hali, ka turo min lambar shasin Z4 ɗin da sunan garejin da za ka riƙa kai ta, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai mun yi magana. Ka gaishe da maiɗakinka da yaron.